Kal'at Mguna: Kwarin da Ake Shinge Gona da Wardi

Duk wanda ya taɓa ratsa layin masu turare a babbar kasuwar Maraɗi ko kasuwar Dole ta Damagaram ya san sunan wardi. Ana jin shi a bakin mata masu haɗa humra, ana kuma ganin shi rubuce bisa ƙananan kwalaben da alhazai ke dawowa da su daga ƙasa mai tsarki. Amma da za a tara masu saye da masu sayarwa a tambaye su kamannin iccen, da irin ƙasar da yake so, da hannun da ke tsinko furensa, kaɗan ne za su iya bada amsa. To, wardi icce ne gajere mai ƙaya, wanda ba ya yin fure sai sau ɗaya a shekara. Ɗaya daga cikin manyan wuraren da ake noma shi a Afirka wani kwari ne da ke kudu maso gabashin Maroko, bayan tsaunukan Atlas, inda garin Kal'at Mguna yake. Can ne dubban iyalai ke jiran makonni biyar ko shida na watan Afrilu da Mayu, tamkar yadda manomin gero ke jiran kaka.

Hanyar zuwa

Matafiyin da jirgi ya sauke a Kazablanka sai ya fara bi ta Marakesh. Daga nan hanya ke fara hawa, tana nannaɗewa jikin duwatsu har mashigin Tizin Tishka, mai tsayin sama da mita 2,200, inda dusar ƙanƙara kan tare motoci lokacin sanyi. Bayan tafiyar kusan kilomita 200 ake isa Warzazat. Tun daga gangaren, ƙasa ta sake kama: kore ya ƙare, saura jan dutse da tsakuwa da sarari iya ganin ido. Mutumin Tawa ko Agadas ba zai ji baƙunta ba a nan. Gidajen ƙauyuka na jar ƙasa ne, da dogayen ganuwa da ƙananan tagogi.

Daga Warzazat hanya ta miƙa gabas, ta wuce gonakin dabinon Skura. Da an ci kimanin kilomita 90, sai wani zare kore ya bayyana cikin kwari, siriri, yana bin bakin ruwa. Wannan ruwan shi ne Asif Mgun, wato kogin Mgun cikin harshen Tamazik na mutanen wurin. Yana gangarowa daga tsaunin Mgun mai tsayin sama da mita 4,000, ya haɗu da kogin Dades kusa da garin. Ruwan sama a nan bai kai rabin abin da Maraɗi ke samu ba a shekara. Abin da ke rayar da kwarin ita ce ƙanƙarar da ke kwanta bisa tsauni lokacin sanyi, ta riƙa narkewa sannu a hankali idan zafi ya fara.

Garin kansa, wanda ke cikin lardin Tingir, bisa tsayin kimanin mita 1,400, ba shi da girma. Babban titi ɗaya ne ya ratsa shi, da shaguna dama da hagu. Abin da baƙo zai fara lura da shi launi ne: ƙananan motocin taksi na garin duk launin furen wardi aka shafa masu, wato ja mai haske da ya kusa fari. In lokacin fure ne, tun kafin shiga gari yara ke tsaye bakin hanya, suna ɗaga sarƙoƙin fure da suka shirya da zare da allura, suna yi wa masu motoci tayi.

Asalin iccen

Irin da ake nomawa a nan shi ne wanda aka sani da wardin Dimashƙa, da sunan babban birnin Siriya. Tsohon iri ne ƙwarai, wanda mutanen Farisa da Sham suka daɗe suna tatsar ruwansa. Wani binciken masana na ƙasar Japan da aka buga a shekarar 2000 ya nuna cewa daga auren irin wardin daji guda uku ya fito, ɗaya daga cikinsu na tsaunukan tsakiyar Asiya ne. Wannan na iya zama dalilin jurewarsa: yana ɗaukar sanyin da ke daskarar da ruwa, yana ɗaukar zafin rani, ba ya kuma neman ƙasa mai yawan taki.

Yadda ya iso wannan kwari kuwa, magana biyu ake yi. Mutanen wurin suna riƙe da cewa alhazai ne suka zo da shi daga Makka tun ƙarnoni da suka wuce. Wasu kuma na danganta yaɗuwarsa da zamanin mulkin Faransa. Abin da ba a gardama bisa kansa shi ne, kasuwancinsa da ƙasashen waje ya fara ne cikin shekarun 1930. Sai a 1933 sojojin Faransa suka gama karya tirjiyar ƙabilar Ait Atta a tsaunin Sagro, kudu da kwarin, bayan yaƙin Bugafer. Ba a yi shekaru da yawa ba masu turaren Faransa suka kafa ma'aikatun farko na sarrafa fure a yankin, domin ciyar da birnin Grasse, hedkwatar turaren ƙasarsu. Tun daga lokacin, fure da mata ke shanyawa domin lalle da gyaran gashi ya zama haja mai farashi.

Maroko ba ita kaɗai ke da wannan sana'a ba. Balgeriya, a kwarin Kazanlak, da Turkiyya, a yankin Isparta, su ke gaba wajen man wardi. Iran ta shahara da ruwan wardi na yankin Kashan. Akwai kuma Ɗa'ifa a Saudiyya, wadda turaren wardinta ke cikin abin da ake haɗawa da ruwan Zamzam wajen wanke Ka'aba. Hukumar UNESCO ta sanya al'adun wardin ƙauyen Al-Marah na Siriya cikin gadon duniya a 2019, na Ɗa'ifa kuma a 2024.

Yadda ake noma shi

Baƙon da ya zo da tunanin ganin manyan gandaye cike da fure zai sha mamaki. A tsarin gargajiya na kwarin, ba a ba wardi tsakiyar gona. Ƙasar noma kaɗan ce, gado ya rarraba ta ƙanana-ƙanana, wata garkar ba ta fi faɗin tsakar gida ba. Tsakiya na alkama ne da sha'ir da ciyawar dabbobi da kayan miya, a ƙarƙashin itatuwan ɓaure da rumman da zaitun da lauz. Wardi shi ne shinge. Ana dasa shi bisa iyakar gona da gefen magudanan ruwa, ƙayarsa ta tare awaki da tumaki, saiwarsa ta riƙe ƙasa kada ambaliya ta tafi da ita. Aikin da aguwa ke yi wa manomi a ƙasar Hausa, shi wardi ke yi a nan, sai dai shi yana biyan mai shi kuɗi bayan gadi.

Ba a shuka shi da ƙwaya. Tohon da ke fitowa daga saiwar tsohon icce ake cirowa, ko a yanki reshe, a dasa lokacin sanyi, sa'ad da iccen ya zubar da ganye yana hutawa. Saboda haka kowane sabon shinge ɗan tsohon shinge ne kai tsaye, ƙamshin da kaka ya sani shi jika ke tsinka. Dashen kan fara bada fure na kirki a shekara ta biyu ko ta uku, yakan kai tsayin mutum ko ya ɗara kaɗan, in kuma ya samu kulawa yakan yi shekaru gommai yana bayarwa. Kulawar ba ta da yawa amma ba ta son sakaci: a zuba takin tumaki, a sare busassun rassa domin iska da rana su shiga, a kula da ƙananan ƙwarin da ke tsotse sabon toho.

Abu biyu ne ke yanke hukuncin shekara. Na farko sanyi. Iccen na buƙatar sanyi mai ƙarfi na watan Disamba da Janairu kafin ya ɗaura fure da yawa, shi ya sa ba ya yin albarka a ƙasa mai zafi duk shekara. Amma sanyin nan in ya makara, ya faɗo cikin Maris ko farkon Afrilu bayan ƙulli ya fito, dare ɗaya ya isa ya ƙone rabin amfanin shinge. Na biyu ruwa. Daga Fabrairu zuwa lokacin tsinka, dole saiwa ta riƙa samun danshi. Ana janyo ruwan kogi ta magudanan ƙasa da ake kira targa da Tamazik, ko sagiya da Larabci. Kowane ƙauye da kowane gida na da lokacinsa, bisa tsarin da dattawan ƙauye ke tsarewa tun kaka da kakanni. Wanda layinsa ya faɗo tsakar dare, da fitila zai fita. Mafi yawan rigingimun kwarin bisa wannan rabo suke tashi, musamman tsakanin ƙauyukan sama da ke fara shan ruwa da na ƙasa da ke jiran saura.

Aikin asuba

Daga tsakiyar Afrilu fure ke fara buɗewa a ƙauyukan da ke ƙasa, ya riƙa hawa sannu zuwa na sama kamar Hadida da Butagrar, inda sanyi ya fi daɗewa. Furen bai kai faɗin tafin hannu ba, yana da ganyaye wajen 30 masu laushi. Ba ya jimawa kamar furannin ado da ake sayarwa a birane. Wanda ya buɗe yau, gobe ya fara zuba.

Man da ake nema yana cikin ganyen furen, kuma rana maƙiyiyarsa ce: da ta yi zafi sai ya bi iska. Don haka aikin na asuba ne. Tun gari bai waye sosai ba, mata da ƴan mata ke fita rukuni-rukuni, kowace da zane ɗaure a wuya ko jaka rataye a gaba. Da yatsu biyu ake kama fure daga ƙasansa a karya. Raɓa ta jiƙa tufa, sanyin tsauni na ratsa ƙashi, ƙaya kuma ba ta san sabo ba. Wasu na sa safar hannu, wasu sun ce tana rage masu sauri. Kafin ƙarfe 10 ko 11 na safe aikin ranar ya ƙare. Mace mai hanzari kan tara kilo 20 ko fiye, alhali kilo ɗaya fure ne sama da 300.

Daga gona sai wurin sikeli. A bakin hanyar kowane ƙauye akwai mai awo da littafinsa, wani wakilin ma'aikata ne, wani na koperatif, wani kuma dillali ne mai cin gashin kansa. Ana juye fure cikin buhuna, ƙananan motoci su kwashe da gaggawa, domin furen da ya kwana cikin buhu yakan yi zafi ya lalace. Wannan gaggawa ita ce raunin manomi. Mai albasa na iya ajiye kayansa cikin rudu ya jira farashi ya tashi. Mai wardi ba shi da wannan dama: ko ya sayar kafin azahar, ko ya yi asara. Mafita ɗaya da yake da ita ita ce ya tsinki ƙullin da bai buɗe ba, ya shanya cikin inuwa, a ɗakin ƙasa mai iska, domin rana na kashe launinsa. Kilo 4 zuwa 5 na ɗanye ke bada kilo ɗaya busasshe, wanda ke ajiyuwa watanni. Shi ne ake gani tsibi-tsibi a kasuwannin Marakesh da Fas, ana saye domin haɗin lalle da kayan yaji da shayi.

Tukunya da tururi

Dabarar fitar da ƙamshi daga fure tsohuwa ce. Tun ƙarni na 9 malamin Bagadaza Al-Kindi ya rubuta littafi bisa haɗa turare da tace shi ta hanyar tururi, kuma kalmar alambik da Faransawa ke kiran tukunyar wannan aiki daga Larabci ta fito. Har yau tsarin bai sake ba, girman tukunya ne ya ƙaru. Ana zuba fure da ruwa cikin tukunyar tagulla ko ta farin ƙarfe, a rufe, a hura wuta. Tururi ya tashi ɗauke da ƙamshi, ya bi ta bututun da aka nannaɗe cikin ruwan sanyi, ya koma ruwa ya ɗiga. Wannan shi ne ruwan wardi. A ƙa'ida, kilo ɗaya na fure litar ɗaya ta ruwa mai kyau yake bayarwa. Wanda ya fitar da fiye da haka, ruwa ya ƙara.

Bisa fuskar wannan ruwa wani ɗan maiƙo ke tasowa, siriri ƙwarai. Shi ne man wardi. Sai an dafa ton 4 zuwa 5 na fure, wato fure sama da miliyan ɗaya, kafin a tara kilo ɗaya. Manyan ma'aikatu na da wata hanya ta biyu: su jiƙa fure cikin wani sinadari mai narkar da mai, su fitar da wani abu mai kauri kamar kakin zuma, daga baya a wanke shi da alkol a samu tsantsar ƙamshi. Mafi yawan wannan kaya ƙasashen waje yake tafiya, inda masu haɗa turare ke ɗiga kaɗan cikin kwalaben da ake sayarwa da tsada a Paris da Dubai.

A Maroko kanta, ruwan wardi na cikin rayuwar yau da kullum. Ana yayyafa wa baƙo a hannu daga wata doguwar buta ta azurfa ko farin ƙarfe, abin da duk wanda ya je ziyara Fas ya gani. Ana shafa wa mai zazzaɓi a goshi, ana wanke fuska da shi, ana fesa wa amarya, ana kuma sa shi wajen shirya mamaci.

Lissafin riba

Ɗan kasuwa zai so jin alƙaluma. Cikin shekarun baya-bayan nan, kwarin kan fitar da ton 3,000 zuwa 4,000 na fure a shekara mai kyau. A 2021, ladan mai tsinka ya kama kimanin dirhami 3 kowane kilo, wato wajen dala 36 na kuɗin sefa. Matar da ta tara kilo 20 ta tashi da dirhami 60, kusan jaka 3 da dala 120, kuma aikin bai wuce wata ɗaya da rabi ba a shekara. A wannan shekarar, kilo ɗaya na man wardi yakan kai kimanin sefa miliyan 10. Ton 4 na furen da ke cikin wannan kilo aikin safiya 200 ne na mace ɗaya, ladanta duka bai kai kashi ɗaya cikin goma na farashin ba. Tabbas akwai rabon mai gona, da kuɗin makamashi da tukwane da sufuri, amma duk da haka karin maganar nan ta Hausawa ta samu wurin zama: kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Shekaru da dama masu saye ƙalilan ne ke yanke farashi, manomi kuwa ya karɓa ko furensa ya ruɓe. Abin ya fara sauyawa bayan 2008, lokacin da gwamnati ta ƙaddamar da shirin noma mai suna Plan Maroc Vert. An taimaka wa manoma da dashe da ƙananan tukwanen tacewa, an kuma yi wa furen rajista da sunan Kal'at Mguna da Dades, yadda ba kowa ke da ikon liƙa sunan bisa hajarsa ba. Koperatif sun yawaita, da dama daga cikinsu na mata ne, suna tace ruwansu da kansu, su zuba a kwalba su sayar. Da masu saye suka ƙaru, farashin ɗanyen fure ya ninka. Sai dai ƙarin ya fi tsayawa hannun mai gona. Wadda ba ta da ko taƙi ɗaya na ƙasa, sai yatsunta, har yanzu ita ce ƙarshen layi.

Akwai kuma matsalar jabu, wadda ta shafi duk mai niyyar saro kaya. Shagunan babban titi cike suke da sabulu da man shafawa da kwalabe masu launin fure, amma da yawa daga cikinsu ƙamshin sinadari ne da aka haɗa a wasu birane. Masu sana'ar na da alamomin da suke dubawa. Ruwan wardi na gaskiya ba shi da launi, fari ne tas kamar ruwan sha, in an ga ja to rini ne. Ƙamshinsa ba ya bugun hanci, kuma ba ya daɗewa a jiki. Shi kuwa man gaskiya, in an sa shi wuri mai sanyi yakan daskare, ya narke da ɗumin hannu. Masu algus kan gauraya shi da man wasu tsirrai masu arha da ƙamshinsu ya yi kusa da nasa. Wanda aka yi wa tayin man wardi da kuɗin goro ya san abin da zai saya.

Biki, da abin da ke bisa tudu

Cikin watan Mayu, idan tsinka ta kusa ƙarewa, garin na yin bikin wardi, wanda aka fara tun farkon shekarun 1960. Kwanaki ake yi ana shagali. Motoci da aka lulluɓe da fure su yi jerin gwano, a zaɓi sarauniyar wardi daga cikin ƴan matan yankin, maza da mata su jeru cikin fararen tufafi suna rawar ahidus da kiɗan tambura, ciki har da wadda garin ya yi suna da ita, rawar ƙudan zuma. Maƙeran garin, waɗanda suka shahara da ƙera wuƙaƙe masu lanƙwasa da kube mai ado, su ma su baje kayansu. Gidajen baƙi su cika, farashin komai ya tashi.

Amma sunan Kal'at Mguna na da wata fuska da ba a nunawa a wurin biki. Kal'a da Larabci na nufin ganuwa ko sansanin soja, kuma bisa wani tudu da ke kallon garin akwai tsohon ginin soja. Daga farkon shekarun 1980 zuwa 1991, zamanin Sarki Hasan na 2, an mayar da shi gidan kaso na ɓoye. An tsare mutane a ciki shekara da shekaru ba tuhuma ba shari'a, mafi yawansu ƴan yankin Sahara ta Yamma, tare da wasu ƴan Maroko, iyalansu ba su san ko suna raye ba. Wasu can suka mutu. Ƙasa da tudun kuwa, kowace shekara ana kiɗa ana watsa fure. A watan Yuni na 1991 aka saki waɗanda suka rage. Da wata ƴar jaridar talabijin ta Faransa ta tambayi sarkin game da wurin a farkon shekarun 1990, amsar da ya bayar ita ce garin babban birnin wardi ne. Sai a 2004, da Sarki Muhammadu na 6 ya kafa hukumar bin gaskiya da sasantawa a ƙarƙashin Idris Benzekri, wanda shi kansa tsohon fursunan siyasa ne, hukuma ta amsa abin da ya faru, aka gano kaburburan waɗanda suka rasu a tsare. Mutanen garin ba su da hannu cikin wannan aiki, amma sun daɗe suna ɗauke da nauyin sunan.

Makomar kwarin

Babbar barazanar yau daga sama take zuwa. Daga wajen 2018 zuwa 2024 Maroko ta sha fari shekara bisa shekara, har ta kai a farkon 2025 sarki ya roƙi jama'a su haƙura da yanka ragon layya saboda raguwar dabbobi. A irin waɗannan shekaru ƙanƙarar tsaunin Mgun kan yi ƙaranci, ta kuma narke da wuri, ruwa ya wuce tun kafin lokacin da wardi ya fi buƙatarsa. Iccen ba ya mutuwa da sauƙi, amma ƙishirwa na rage masa fure, ta rage wa furen mai.

Tsadar fure ta kuma jawo sabon salo. Masu jari sun fara fita daga kwarin zuwa faƙon da ke sama, suna haƙa rijiyoyi masu zurfi, su sa famfo mai aiki da hasken rana, su dasa wardi zalla layi-layi da tiyo mai ɗigo. Amfanin hekta ya fi na shinge nesa ba kusa ba. Sai dai ruwan ƙarƙashin ƙasa da na kogi uwa ɗaya ta haife su, kuma mai rijiya ba ya jiran layin dattawan ƙauye. Ga kuma samari da ke barin gida zuwa Kazablanka da Agadir da Turai, kamar yadda iyayensu da yawa suka tafi ma'adinan kwal na arewacin Faransa cikin shekarun 1960 da 1970. Gyaran magudanan ruwa aikin gayya ne, gayya kuwa ba ta yiwuwa sai da majiya ƙarfi.

Da watan Yuni ya kama, baƙi sun watse, masu sikeli sun naɗe littattafansu, an wanke tukwane an rufe har baɗi. Manoma sun juya ga girbin alkama da sha'ir. Wanda ya bi ta kwarin a wannan lokaci ba zai ga komai ba sai shingen ƙaya mai ƙura, wanda ko akuya ba ta kulawa. Matan da suka tsinki furen sun riga sun kashe ladansu wajen sukari da man girki da littattafan yara. Daga nan har watan Disamba, idon kowa na bisa ƙololuwar tsaunin Mgun, ana jiran ranar da za ta yi fari.